Zan Sa wa Iyali Gas: Nawa Zan Tanada, Kuma Yaya Zan Yi da Tsoron Hajiya?

Baban Yara, Kurna:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga mu. Shekararmu tara da aure, da gawayi maiɗakina take girki, risho kuwa mun jingine shi tun da kananzir ya fi ƙarfinmu. Tun shigowar damina take fama da tari, idanunta kullum jajir. Gawayin ma in ya sha danshi sai an yi ta fifita kafin ya kama, har yara su makara saboda ruwan shayi. Na yanke shawarar in sa gas. Mu bakwai ne a gidan: ni da ita, yara huɗu, sai mahaifiyata. Nawa zan tanada tun daga sayen tukunyar gas har ranar da za a kunna wuta? Abu na biyu, wanda ya fi damuna, Hajiya ta ce ba za a shigo mata da bom gida ba tana raye. Ba na so in saɓa mata, ba na kuma so in ci gaba da kwana ina jin matata tana tari.

Mai Shagon Gas:
Wa alaikumus salam Malam, Allah ya ba uwargida lafiya. Sana'ata ce, bari in faɗa maka yadda nake sayarwa a makon nan, amma ka san kasuwa ba ta kwana wuri ɗaya. Gidan mutum bakwai tukunya mai kilo 12.5 ce daidai da shi. Sabuwa fil, babu komai a ciki, wajen naira 50,000. Kan girki mai baki biyu, na ɗorawa a tebur, daga 30,000 zuwa sama. Regileta mai kyau, wato abin da ke daidaita fitowar gas a bakin tukunya, 8,000. Tiyo yadi uku 4,500. Kilif biyu na ɗaure bakin tiyo 500. Ɗurin farko, kilo a 1,200, ya kama 15,000. Ka tara ka gani, 108,000 ke nan. In za ka ajiye tukunyar a waje, wanda shi nake ba kowa shawara, sai ka ƙara kuɗin mai walda ya yi mata keji da kwaɗo, da wanda zai huda bango tiyo ya wuce. Ka ce 140,000 ka huta.

Malamin Firamare:
140,000! Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a 2024 naira 70,000 ne, wasu ma har yau ba su gan shi a aljihunsu ba. Wato albashin wata biyu cur, ba a ci ba a sha. Shi ya sa raina yake ɓaci in na ji ana cewa talaka ya ƙi waye ne. Talaka bai ƙi gas ba, ƙofar shigarsa ce ta yi masa tsada. Gawayi za ka aiki yaro da naira 300 a ƙulla masa a leda a yi abincin rana. Wa zai ba ka tukunyar gas ta 300?

Maman Biyu:
Malam gaskiyarka, amma ba dole sai an fara da babba ba. Ni da 'yar ƙarama na fara, mai kilo 6, wadda ake ɗaura mata kai a bisa. Adashe na ɗauka na saya, ba tiyo ba regileta. Ko kilo biyu kake da kuɗinsa za a zuba maka. Shekara guda ina amfani da ita kafin maigida ya ga amfaninta ya sayo babba.

Anti Nas:
Maman Biyu, ki yi haƙuri in ɗan ja da ke. Mai kai a bisa ta dace da gwauro ko ɗalibi ko amarya da ango. Gidan da yara huɗu suke guje-guje ba na son ta. Tukunyar miya tana can sama a kan abu mai tsayi, yaro ya zo da gudu ya bangaje. A wurin aiki na sha wanke ƙunar yara, mafi yawanta ba fashewa ba ce, ruwan zafi ne da miya da man suya. Sannan wutar tana zaune a kan tukunyar gas ɗin kanta, in an ɗora faffaɗar tukunya zafin yana komowa ƙasa ya cinye robar bakin.

Baban Yara, maganar tari kada ka ɗauke ta da wasa. A kai ta asibiti a duba ƙirjinta tukuna, kada a ce hayaƙi ne kawai a zauna. Amma hayaƙin girki cuta ne na gaske. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe wajen mutum miliyan 3 duk shekara, kuma mata da yaran da ke goye a bayansu su suka fi shaƙa. Gawayi ma da ake gani kamar ba ya hayaƙi yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Ita ce take kashe mutanen da suke shiga ɗaki da kaskon wuta lokacin hunturu su rufe ƙofa. Muna tsoron abin da ke yin ƙara, mun saba da wanda ke cinmu a hankali.

Ɗan Kasuwar Rimi:
Ni fa ban yarda gas ya fi gawayi sauƙi ba, kuma na gwada. Na sa wa matana biyu, kowacce da tukunyarta. Kwana 18 aka ce ta ƙare. Na sake cikawa, kwana 20. Na ce a koma gawayi. Ga tukwanen can a sito.

Maman Biyu:
Alhaji, me ake dafawa a kai?

Ɗan Kasuwar Rimi:
Komai mana. Abinci, ruwan wanka, har ƙafar saniya.

Maman Biyu:
To ai ka ji. Ruwan wankan gida guda da ƙafar saniya da ganda da wake, duk a kan gas, dole ya tashi da wuri. Ni ban jefar da kurfotina ba. Duk abin da zai daɗe a wuta gawayi nake hura masa a tsakar gida, inda iska take. Gas na karin kumallo ne, da miya, da taliya, da ɗumame, da dafa wa baƙon dare abu cikin gaggawa. Wake in jiƙa shi tun dare. Tukunya kullum da murfi. Da ta tafasa in rage wuta, don wutar da ta fito ta gefen tukunya asara ce, ba ta dafa komai. Da haka 12.5 take kai mini sati biyar, mu shida.

Kuma a yi lissafin gawayin da gaskiya. Da can ƙulli-ƙulli nake saye, 700 a rana. Sau 30, 21,000 ke nan a wata. Ba ma jin zafinsa ne saboda kaɗan-kaɗan yake fita. Gas kuwa rana ɗaya za a ce kawo 15,000, sai maigida ya ji kamar an sare shi.

Malamin Firamare:
Wanda yake da halin sayen buhu guda ba ya kashe 21,000. Lissafinki na mai sayen ƙulli ne.

Maman Biyu:
Haka ne Malam. Mai sayen buhu zai ga kusan kunnen doki suke yi da gas, wani watan ma gawayi ya fi sauƙi. Ban ce gas araha ne ba. Amma ka sa lokacina a lissafin. Ka sa tokar da nake kwashewa, da gindin tukwanen da nake gogewa har hannuna ya yi kanta, da tashin ƙarfe huɗu a watan azumi ana fifita wuta don sahur. Maza ba sa sa wannan a lissafi saboda ba su ke tsugunawa gaban murhun ba.

Injiniya:
Bari in shigo ta wajen tsoron Hajiya, don tsoronta yana da tushe, kada a raina shi. Mutanen Kaduna ba su manta da Sabon Tasha ba, watan Janairun 2020, inda shagon ɗura gas ya tashi, ya kashe mutane har da Farfesa Simon Mallam, shugaban hukumar makamashin nukiliya ta ƙasa. Amma a lura, irin wannan ya fi faruwa a inda ake juye gas daga tukunya zuwa tukunya a tsakiyar jama'a. A cikin gida, tukunya mai lafiya ba ta fashewa haka kawai. Abin da ke faruwa shi ne yoyo. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama ya fice ta taga, ƙasa yake kwanciya kamar ruwa ya cika kicin. Sai wani ya shigo da asuba ya ƙyasta ashana ko ya danna makunnin lantarki, ɗakin gaba ɗaya ya kama. Asalinsa ma ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wannan ɗoyin don hanci ya ji.

To daga ina yoyon yake zuwa? Kusan kullum daga abubuwa masu arha: tiyo, kilif, regileta, da 'yar robar da ke cikin bakin tukunya. Abin da yake ba ni takaici ke nan. Mutum zai sayi tukunyar 50,000, sannan ya tsaya yana ciniki a kan regileta ya ɗauki ta 3,000. Na shiga gidan da na tarar an haɗa gas da tiyon ban ruwa, an ɗaure bakinsa da robar tayar keke. Wallahi ban iya zama ba sai da na sa aka kashe. Tiyon gas daban yake, mai kauri ne, da zare a cikinsa, kuma shi ma yana tsufa. Duk shekara biyu a canza shi ko da ido bai ga komai ba, in kuwa ya fara tsagewa ko ɓera ya taɓa shi, a ranar.

Ranar da aka haɗa, a kaɗa omo da ruwa ya yi kumfa, a shafa a bakin regileta da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. In kumfar ta fara hura ƙwai, akwai yoyo. Kada a kuskura a gwada da ashana. Tukunya a tsaye, a inuwa, ba a kwance ba, ba kusa da janareta ba. In an ji wari: a rufe regileta, a buɗe ƙofa da taga, kada a taɓa makunni, ko na kunnawa ko na kashewa, a fitar da yara. Wutar kuma shuɗiya ake so. In ta koma ja tana baƙanta tukunya, kan ya toshe, a wanke shi.

Baban Yara, Kurna:
Injiniya Allah ya saka da alheri. Wani abokina ya ce zai haɗa ni da mai sayar da ta hannu a 25,000. Rabin kuɗi ke nan. Me kuka gani?

Mai Shagon Gas:
Malam kada ka yi. Ba don in sayar maka ba, ka saya a duk inda ka ga dama, amma sabuwa. Tukunya tana da shekarun rai. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki ta ce shekara 15, kuma ana buga shekarar da aka ƙera ta a jikin marikinta. Masu ta hannu fenti suke shafa mata ta yi ƙyalli, tsatsar tana ƙasa. Ka kifa ta ka duba gindinta, nan ruwa yake zama ya ci ƙarfen. Akwai ma waɗanda ake yi da tsofaffin tukwanen iskar firiji, a yi musu walda a sa baki. Irin waɗannan in an kawo mini ba na ɗurawa, ko za a yi fushi. Ni ne a tsaye kusa da ita lokacin da ake cikawa.

Amaryar Bana:
Tunda mai shago yana nan, a yi maganar awo. An sa mini gas a kayan ɗaki. Sau biyu ina aika ƙanena wani shago a unguwarmu a cika 12.5, ba ta kai sati uku, mu biyu kacal a gida. Na uku na bi shi da kaina. Da na ce a ɗora a sikeli kafin a zuba sai mutumin ya fara faɗa wai ban yarda da shi ba.

Mai Shagon Gas:
Ƙanwata, kin yi daidai, kuma ba zan kare shi ba, akwai masu tauye awo a cikinmu kamar kowace sana'a. Ki duba jikin marikin tukunyarki, an rubuta nauyinta in babu komai a ciki. A ɗora ta a sikeli a gabanki kafin a zuba, a sake ɗorawa bayan an zuba, bambancin shi ne abin da kika saya. In da sauran gas a ciki, naki ne, ba a lissafa miki shi. Mai gaskiya ba ya jin haushin sikeli. Amma ku ma masu saye ku daina cewa a danna a ƙara. Ba a cika tukunya maƙil, ana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar fili, saboda ruwan gas yana kumbura in ya ji zafi. Ki tuna zafin watan Afrilu a Kano. Sannan ki yi gwajin kumfar da Injiniya ya faɗa, mutum biyu sati uku ya yi kaɗan ƙwarai, wataƙila ba awo kaɗai ba ne.

Malamin Firamare:
Ni har yanzu farashin ne bai kwanta mini ba. A 2020 da naira 4,000 ake cika 12.5. A 2021 Buhari ya ayyana shekaru goma na gas, aka ce kowa ya bar itace. Mutane suka saya, farashi ya yi ta hawa. Aka cire tallafin mai a Mayun 2023, aka saki naira, ya ƙara tashi. Da aka yi yajin aikin PENGASSAN, ƙungiyar manyan ma'aikatan mai da gas, kan rikicinsu da matatar Dangote a ƙarshen Satumbar 2025, kilo ya haura 2,000 a wasu wurare, ga layi. Wanda ya sayar da kurfotinsa ranar ina zai sa kansa? Ƙasar da ake ƙona gas a banza a Neja Delta! Ko in bututun gas na AKK ya iso Kano za mu huta?

Injiniya:
Malam, AKK ba namu na tukunya zai ɗauko ba. Bututun da ya taso daga Ajaokuta ya bi Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, iskar gas ce ta tashoshin lantarki da masana'antu. Na girki wani iri ne, ana matse shi ya zama ruwa. Daga Bonny, inda kamfanin gas na NLNG yake, jirgin ruwa ke kai shi tashoshin bakin teku, wani kuma daga matatar Dangote a Lekki, wani daga waje. Daga nan tanka ce za ta ɗauko shi ta yi tafiyar kilomita wajen dubu kafin ta iso mu. Kuɗin dizal da lalacewar hanya duk a kan kilon da kake saye suke sauka, kuma farashin yana bin dala. Shi ya sa na yarda da Maman Biyu, kada kowa ya jefar da kurfotinsa.

Ɗan Damagaram:
Mu nan Nijar tsarin ya bambanta. Tun da matatar mai ta SORAZ da ke Damagaram ta fara aiki a 2011 gas ɗinmu daga nan yake fitowa, gwamnati ce take ƙayyade kuɗinsa. Kuma ba ma tsayawa a ɗura mana. Ka kai butalinka, wato tukunyar gas, wanda ya ƙare, a ba ka cikakke, kamfani ne yake cikawa a wurinsa. Mu ma mukan sha ƙarancinsa, wani lokaci ka zaga gari ba ka samu ba. Amma aƙalla ba a juye shi a shagon da ke jikin gidan mutane.

Hajiya Babba:
Ɗana Baban Yara, duk an ba ka lissafi, ni ta mahaifiyarka zan yi maka, don sa'arta ce ni. Ni ma na ƙi, shekara biyu ina hana surukata. Kada ka je mata da bayanin injiniyoyi, kuma kada ka shigo da shi da rana tsaka kamar ka fi ƙarfinta. Ka same ta bayan sallar isha'i, ka ce Hajiya tarin yarinyar nan ya hana ni barci, ki taimake ni da shawara. Ita ma ta sha hayaƙi, ta san abin da ya yi wa idonta. Ka ce mata tukunyar ba za ta kwana ƙarƙashin rufi ɗaya da ita ba, a waje za ta zauna cikin keji. Ka bar ta ita ta nuna inda za a ajiye. In akwai wata ƙawarta da ake girki da shi a gidanta, ka kai ta ta gani da idonta. Abin da ya sauko da ni ke nan, gidan ƙanwata na je na ga jikarta ta dafa mini shayi kafin in gama alwala. Sannan ka ba ta ɗan makullin kejin ta riƙe. Tsoho in an ba shi amana hankalinsa yana kwanciya.

Maman Biyu:
Hajiya Allah ya ƙara girma. Baban Yara, abu ɗaya da maza ba za su gaya maka ba: kada ka sayi kan girki mai gilashi. Kyau gare shi, amma tuwon mutum bakwai ba zai tuƙu a kansa ba. Ko na ƙarfen ma in yana kan tebur, tukunya zamewa take in an sa muciya da ƙarfi. Ka tambayi uwargida tukuna, ita ta san tukunyarta.

Baban Yara, Kurna:
Jama'a na dawo da bayani, kwana 16 ke nan. Na bi shawarar Hajiya Babba, Allah ya saka mata. Mahaifiyata ba ta amsa a daren ba, sai bayan kwana uku ta kira ni ta nuna mini lungun bayan kicin, ta ce in dai can ne, kuma kada yara su taɓa. Makullin yana ɗaure a bakin zaninta.

Abin da na kashe 143,000, har da keji da huda bango. Na ɗauki regileta ta 9,000. Rabin kuɗin bashi ne daga wurin yayana, zan biya cikin wata uku. Da aka haɗa na kaɗa omo na shafa, sai ga ƙwai yana tashi a bakin tiyo ta wajen kan girkin, kilif ɗin bai ɗauru ba. A gaban Hajiya aka ƙara ɗaure shi, aka sake shafawa, shiru. Mun je asibiti, an ba maiɗakina magani, an ce mu koma bayan sati biyu. Tarin ya ragu da dare.

Maganar Maman Biyu ta tabbata, tuwo ya ƙi tuƙuwa a kan tebur, jiya a kurfoti aka yi shi. Akwai wanda ya san murhun gas na ƙasa, mai ƙafafu, da zai ɗauki tukunya lamba 10?

Mai Shagon Gas:
Akwai shi, irin na masu abincin sayarwa, mai baki ɗaya. Sai dai yana shan gas fiye da na tebur, kuma wasu ba sa aiki da regiletar gida, sai mai ƙarfi. Kada ka haɗa su a tukunya ɗaya da kanka. Ka auno faɗin gindin tukunyar tuwon da igiya ka tafi da shi kasuwa, ka ce a kunna maka shi a gabanka ka ga kalar wutar kafin ka biya.